Ƙanwata ta fake da azumi, tana ƙarewa a gabana

Yayar Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan autarmu, shekararta 19. Tun bikin 'yar kawunmu bara, da wata gwaggo ta gan ta cikin anko ta ce "wannan ƙiba taki wa zai kwasa?", yarinyar nan ta sauya. Da azumin Litinin da Alhamis ta fara, har muna sa mata albarka. Yanzu kusan kullum ne, buɗa-bakinta dabino ɗaya da shayi ba madara. Ita ke tuƙa tuwon gidan, ita ke rabawa, nata kuwa ta yi ta jujjuya shi har ya huce, ta miƙa wa almajiri. Ranar da Umma ta tsare ta ta ci, tana gamawa sai banɗaki, ta saki famfo. Na laɓe, ashe amai take yi. A ƙarƙashin katifarta na tsinci shayin rage ƙiba kwali uku. Cikin zafin Afrilu muna kwana a tsakar gida, ita tana ƙudundune a rigar sanyi, kuma rabonta da al'ada wata huɗu.

Umma ta ce sammu ne, Baba ya ce olsa. Ni abin da ya hana ni barci shi ne, ƙashin wuyanta duk ya fito, amma ta tsaya gaban madubi ta ce min har yanzu ita ƙatuwa ce. Me zan yi?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ku jira. Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon da likitoci ke kira anoreksiya, kuma ciwo ne na gaske, ba iyayi ba. Jin sanyi da ɗaukewar al'ada alama ce jiki ya fara tsimin ƙarfinsa. Ki duba gashinta ko yana zuba, haƙoranta ko sun fara cinyewa, da bayan yatsunta ko akwai kanta, domin mai tura hannu a maƙogwaro tana samun wannan tabo. Aman da shayin su suka fi tayar min da hankali. Yawancin irin shayin nan filasko ne, gudawa kawai yake sawa, ba ya taɓa kitse. Su biyun suna zubar da sinadarin fotasiyam, shi kuwa idan ya yi ƙasa bugun zuciya na iya rikicewa farat ɗaya.

Ku kai ta a auna jini da zuciya, a kuma duba tarin fuka, suga da maƙoƙo, sannan ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a asibitin Malam Aminu Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Kuma kada a ɗura mata abinci lokaci guda. Jikin da ya daɗe da yunwa a hankali ake dawo da shi, likita na lura.

Maman Biyu:
Ni na shiga wannan halin ina budurwa. Don Allah kada ki ce mata "kin rame", a kunnena yabo ne a lokacin. Kada kuma ki tona mata asiri gaban Umma. Yayata ce ta zauna kusa da ni da daddare ta ce, "Ina tsoron in rasa ki." Sai da na yi kuka na awa guda kafin na iya magana. Ku daina zancen jikin kowa a gidan, har na baƙi.

Ɗan Zariya:
A sa malamin da take girmamawa ya yi mata bayani cewa azumin nafila ba a yin sa da cutar da kai. Addu'ar Umma a ci gaba da ita, a haɗa da asibiti.

Yayar Auta:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba hannunta tana barci, tabon yana nan a yatsu biyu. Baba ya amince mu je asibiti ranar Talata. Ita ce ban san yadda zan faɗa wa ba tukuna, amma yau a ɗakinta zan kwana.