Shawarwarin masoya tsofaffin finafinai a Garwa

A wata majalisar shayi a Garwa ta ƙasar Kamaru, hira ta kai ga yadda matashi zai fara kallon tsofaffin finafinai. Dattawan cikinmu suka ce a fara da na Indiya, musamman Sholay na 1975, amma a nemi na asali, domin masu fassara kan cusa barkwancinsu har su danne muryar Amjad Khan, mugun fim ɗin, wadda ita ce rabin tsoron da fim ɗin ke bayarwa. Waƙoƙi kuma kada a tsallake su; sau da yawa labarin a cikinsu yake tafiya.

An fi daɗewa a kan daraktoci. Kowa ya san Amitabh Bachchan, amma da aka tambayi wanda ya ba da umarnin Sholay, sai aka yi tsit kafin wani ya ce Ramesh Sippy. Shawarar ita ce a bi darakta ɗaya fim bayan fim. Ni dai na ce a fara da maƙwabcinmu na Cadi, Mahamat-Saleh Haroun, wanda ya samu kyauta a bikin finafinai na Cannes a 2010, ko da yake finafinansa na buƙatar haƙuri.

Kallo a waya kuwa, duka aka kushe shi. A haɗu gaban talabijin.