Muhawara: Ranar Kurege, Ranar Askirim, Ranar Zaman Banza, Duk Talla Ce?

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Ranakun nan da ake ta yayatawa a Facebook, yau ranar askirim ta ƙasa, gobe ranar yaba wa kurege, jibi ranar magana irin ta 'yan fashin teku, duk ƙirƙirar 'yan kasuwar Amurka ce don su kwashi kuɗin mutane. Babu gwamnatin da ta san da zamansu, babu abin da suke tsinana wa kowa. Babbar ɓarnarsu kuma ita ce sun cika kunnuwan jama'a har ranaku masu nauyi, irin ta yaƙi da cutar ƙanjamau ta 1 ga Disamba, sun koma kamar sauran. Mai ja, bismillah.

Autar Mama: Wa alaikumus salam Baba. Tsaya tukuna, da gaske akwai ranar kurege? 😂

Malamin Lissafi: Akwai kuwa, ƙanwata, 21 ga Janairu. Wata mai kula da namun dajin da suka ji rauni ce a jihar North Carolina ta fara ta a 2001, don a riƙa tuna su a tsakiyar hunturu lokacin da abinci ke musu wuya. Baban Yara, ka haɗa magana uku a dunƙule ɗaya, kuma ba duka ba ne gaskiya. Mu fara da "babu gwamnatin da ta sani". Ranar askirim ɗin da ka ambata, Shugaba Ronald Reagan ne da kansa ya sa hannu a kanta a 1984, bayan majalisar dokoki ta amince: watan Yuli ya zama watan askirim, 15 ga watan kuma ranarsa. Na shekarar kaɗai aka yi shelar, amma har yau ana yi duk Lahadi ta uku a Yuli.

Baban Yara: To ai Malam ka tayani ne ba ka sani ba. Me ya haɗa shugaban ƙasa da askirim in ba masu kiwon shanu da masu masana'antar madara ne suka matsa ba? Ruwa ba ya tsami banza.

Malamin Lissafi: A wannan kam ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne gwamnati ta sani, har ma ta yi yawa a ciki. 'Yan majalisar Amurka sun daɗe suna kawo ƙudurorin ware rana kaza da mako kaza, har abin ya ishi Majalisar Wakilai ta kafa ƙa'idar hana gabatar da irinsu a 1995.

Hajiya Babba: Ni dai zan ba Baban Yara rabin gaskiya, kuma ga hujjar da ya kamata ya kawo bai kawo ba. Kun san Litinin ta uku a Janairu da ake cewa ita ce ranar da ta fi kowace rana baƙin ciki a shekara? A 2005 wani kamfanin tafiye-tafiye na Ingila, Sky Travel, ya fito da ita. Aka haɗa wani lissafi wai na kimiyya, aka zuba sanyi, da bashi, da kwanakin da suka wuce tun Kirsimeti, aka ce ga sakamako. Manufar kawai mutum ya ji ƙunci ya sayi tikitin hutu. Masana sun sha cewa lissafin ba shi da tushe, amma duk shekara sai ka gan shi a jaridu. Wannan ya fi ɓata min rai a kan na askirim, domin ciwon damuwa ciwo ne na gaske, ba shi da ranar zuwa a kalanda.

Sai kuma ta Sin, 11 ga Nuwamba, ranar marasa aure. Ɗaliban jami'a ne suka fara ta a matsayin raha, saboda lambobin 1 guda huɗu da suka jeru kamar mutane huɗu kowa shi kaɗai. Alibaba, kamfanin ciniki ta intanet na Sin, ya ɗauke ta a 2009 ya mai da ita ranar rangwame, yanzu tana cikin manyan ranakun ciniki a duniya.

Baban Yara: Allah ya saka da alheri Hajiya. Kun ji dai.

Ɗan Jarida: Kada ka yi saurin murna Alhaji, rabi ta ce. Ni "duk" ɗin nan taka ce ba ta zauna min ba. Ɗauki ta 'yan fashin teku. Abokai biyu ne a jihar Oregon, John Baur da Mark Summers, suna wasan ƙwallon raket a watan Yuni na 1995, ɗaya ya ji ciwo ya yi wani irin ihu kamar na 'yan fashin teku a fim, suka fashe da dariya suka ce ai wannan ya cancanci rana guda. Da aka zo zaɓen kwanan wata, sai Summers ya ce 19 ga Satumba, don ranar haihuwar tsohuwar matarsa ce, ba zai manta ba. Shekara bakwai suna abinsu su da abokansu, babu wanda ya sani, sai a 2002 da marubucin barkwanci Dave Barry ya yi rubutu a kai abin ya bazu. Ina ɗan kasuwa a nan? Mutum biyu ne da ba su da aikin yi a ranar.

Akwai ma wasu mata da miji a Pennsylvania, Thomas da Ruth Roy, da suka ƙirƙiri ranaku da dama. A cikinsu akwai ranar amsa tambayar kyanwarka, 22 ga Janairu, da ranar lallaɓawa ka ajiye wa maƙwabcinka zukini, wani nau'in kabewa, a ƙofar gida, 8 ga Agusta, saboda a lokacin kayan lambun nan yakan yi wa masu shuka shi yawa har su rasa yadda za su yi da shi.

Autar Mama: Yaya, wace tambaya kyanwa take yi fisabilillahi?

Ɗan Jarida: Sai ki zauna ki kalle ta ranar, ki ba mu labari. Abin da Baban Yara ya yi daidai a kai shi ne kalmar "ta ƙasa" da ake liƙa musu. Mafi yawansu ba su bi ta kowace majalisa ba. Akwai kamfani mai zaman kansa a North Dakota, National Day Calendar, wanda ya fara a 2013. Kamfanoni da ƙungiyoyi na tura masa buƙata, kwamitinsa ya zaɓa, ya sa a kalandarsa. Daga nan gidajen rediyo da masu shafukan sada zumunta, waɗanda kullum suke neman abin cike gurbi, su ɗauka. Mu 'yan jarida muna da hannu dumu-dumu, ban ɓoye ba.

Malamin Lissafi: Ku bar ni in kare tawa. 14 ga Maris, ranar pi, lambar nan 3.14 da ake auna da'ira da ita. A rubutun Amurkawa wata ke zuwa kafin rana, shi ya sa 3/14. Wani masanin kimiyya, Larry Shaw, ya fara ta a 1988 a wani gidan baje kolin kimiyya a San Francisco, ma'aikata suna zagaya da'ira suna nishaɗi. A 2019 UNESCO ta mai da ranar ta zama ranar lissafi ta duniya. Wanda ya taɓa tsayawa gaban aji yana ƙoƙarin sa yara su so lissafi ya san darajar rana ɗaya da za su zo da murmushi.

Nas Mai Dare: Ina ta karatu ban tanka ba, amma magana ta uku ta Baba ce ta taɓo aikina, wato cewa na wasa suna kashe na gaske. Ni akasin haka nake gani. Ranar banɗaki ta duniya, 19 ga Nuwamba, duk wanda ya fara jin sunanta sai ya yi dariya. Jack Sim, ɗan Singafo, ya kafa ƙungiyarsa a 2001 yana sane da hakan sarai, ya yi amfani da dariyar don a iya furta abin da ake jin kunyar faɗa. A 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar. Alƙaluman WHO da UNICEF na 2022 sun nuna mutum kimanin biliyan 3.5 ba su da ingantaccen tsarin banɗaki, kuma daga nan kwalara da gudawa ke samun hanya. Da sunan ya zo da tsauri irin na takardar taro, wa zai tura wa abokinsa?

Hajiya Babba: Gaskiya ne 'yata, amma kada ki manta ko mai kyakkyawar niyya ana iya ƙwace masa. Anna Jarvis ce ta yi fafutuka har Shugaba Wilson na Amurka ya amince da ranar uwa a 1914. Da ta ga masu sayar da furanni da katin gaisuwa sun mamaye abin, sauran rayuwarta ta ƙare ne tana yaƙi da ranar da ita ta kawo.

Baban Yara: To, na janye "duk". Na koma "yawanci". Amma batun cunkoso ina nan a kan bakana, ga misali. Akwai ranar da wani ɗan jarida, Harold Coffin, ya kawo tun 1973, 16 ga Janairu, ranar da ba a bikin komai, don mutane su huta da bukukuwa. A 2023 ta faɗo Litinin ta uku a wata, ta haɗu da ranar baƙin cikin da Hajiya ta faɗa, ta kuma haɗu da hutun tunawa da Martin Luther King, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka. Ko ranar zaman banza ba ta samu fili ita kaɗai ba.

Nas Mai Dare: Amma Baba, wa ya manta da Martin Luther King a ranar saboda ita? An rufe ofisoshin gwamnati, an yi taruka. Wadda ke da mutane a bayanta ba ta ɓacewa.

Autar Mama: Jama'a na duba kalanda yanzu. 19 ga Nuwamba ɗin nan ta Anti Nas, ashe ita ce kuma ranar maza ta duniya 😭

Malamin Lissafi: Haka ne, daga Trinidad da Tobago ta samo ƙarfi a 1999. Sai dai Majalisar Ɗinkin Duniya ta banɗakin kaɗai ta amince da ita.

Baban Yara: Wannan kuma muhawara ce ta daban, kuma ba zan buɗe ta Hajiya na nan ba.