Neman kalmar Hausa: me za mu kira akwatunan intanet biyu na ofis?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina fassara takardar umarni ga ma'aikatan wata ƙungiyar manoma a Kano, kuma ranar Alhamis za a karɓi aikin. Ofishinsu yana da kwamfutoci takwas da firinta ɗaya. Intanet yana shigowa ta wani akwati mai layin waya a ciki, daga shi kebur ya tafi akwati na biyu mai ramuka goma sha shida, daga nan kowace kwamfuta ta samu nata kebur. Turanci ya kira na farko router, na biyu switch, haɗin gaba ɗaya kuma network. Na sa wa na farko "na'urar rarraba intanet", sai na ga na biyun ma rarrabawa yake yi. Ina neman shawararku.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Aikinsu ba ɗaya ba ne. Rauta ita ce take tsaye tsakanin ofis da waje: tana ba kowace kwamfuta lambar adireshinta ta cikin gida, irin 192.168.1.5, sannan ta fitar da saƙonninsu duka da adireshi guda wanda kamfanin intanet ya bayar, idan amsa ta dawo kuma ta miƙa wa mai ita. Akwati na biyu bai san hanyar waje ba, haɗa na'urorin ofis da junansu kawai yake yi, shi ya sa ko data ta ƙare, sakatare zai iya tura takarda zuwa firinta. A kira shi "mahaɗa". Kada dai a ce "makunni", domin mai karatu zai nufi bango neman abin kunna fitila. Ta farkon kuwa a bar mata rauta.

Baba Tsohon Edita:
Injiniya, mahaɗa ta yi, amma rauta ba Hausa ba ce. Abin da ka bayyana yana da suna tun zamanin da fatake suke zuwa Gwanja sayen goro. Madugu shi ne yake zaɓar hanya, shi ne ya san kowane bafatake da kayansa, kuma idan aka isa wata ƙasa shi kaɗai yake shiga wurin sarki ya yi magana da yawun kowa, ya biya fito a madadin ayari duka. Mutanen waje madugu suka sani, ba su san yaran da ke bayansa ba. Wannan ba shi ne adireshi gudan da ka faɗa ba? A ce "madugu", haɗin kwamfutocin kuma a ce "ayari". Waɗanda suka ba mu jirgin sama da yanar gizo ba su fi mu kai ba, kishi suka fi mu.

Malamar Hausa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Madugu ta yi daɗi a kunne, amma ayari tafiya yake yi, kwamfutocin ofis kuwa a zaune suke. Game da aro, "na'ura" da muke taƙama da ita Larabci ce, asalinta abin ɗebo ruwa daga kogi. Ma'aunin kalmar aro shi ne ta bi nahawunmu, kuma rauta ta bi: ta ƙare da wasalin a, ta zama mace, muna cewa rautar ofis, jam'inta rautoci kamar mota da motoci. Mun daɗe muna rubuta "na'ura mai ƙwaƙwalwa", amma ɗalibaina kwamfuta suke cewa da zarar sun fita aji.

Ɗan Damagaram:
Malama, nahawun ya zauna, amma ga wa? Mu a Nijar rezo muke cewa inda kuke cewa netwok, domin ta Faransanci abin ya zo mana. Duk lokacin da aka ari kalma daga Ingilishi a Kano, sai a buga ta a ce ita ce daidaitacciyar Hausa, mu kuma a bar mu da tambayar ma'anarta. Madugu kuwa, daga Zinder har Zariya babu wanda zai nemi fassararta. Ina bayan Baba.

Baba Tsohon Edita:
Madalla da kai, ɗana. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC yake juya labaran duniya zuwa harshen nan, kuma ma'aikatan farko ba su taɓa cewa Hausa ta gaza ba. Yau kuwa yaro zai zauna a gidan rediyo, rabin jimlarsa Turanci, ya kira wannan wayewa. Idan masana suka miƙa wuya ga kasuwa, wa zai gyara?

Malamar Hausa:
Baba, babu wanda ya miƙa wuya. Su ma na farkon sun ari rediyo da gwamna da asibiti, ba su ga kasawa a ciki ba.

Injiniya:
Ranku ya daɗe, mu koma kan takardar. Ranar da intanet ya ɗauke, ma'aikaciya za ta kira kamfanin da ya sayar musu da layi, a ce mata ta duba fitilun rauta, ta cire ta daga wuta, ta jira kaɗan ta mayar. Idan madugu kawai ta sani, za ta tsaya tana kallon akwatuna biyu ba ta san wanda ake nufi ba. Idan kuma aka aike ta kasuwar Farm Centre sayen sabuwa, da sunan rauta za ta samo ta. Inda na yarda da Baba shi ne kan netwok, amma da wani dalili: a bakin mutane "babu netwok" yana nufin sabis ɗin waya ya ɗauke, alhali takardar tana maganar haɗin cikin ofis ne, wanda yake nan daram ko babu sabis. Ina ganin "haɗakar kwamfutocin ofis" ta fi tsare ma'ana.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai. Ga abin da zan miƙa. Mahaɗa ta shiga, tunda babu wanda ya ja da ita. Haɗakar kwamfutocin ofis ma ta shiga, ko da yake tsawonta ya ɓata mini kanun shafi biyu. Rauta zan rubuta, amma a ambatonta na farko zan ce ita ce madugun haɗakar, wadda take fita da saƙon kowa ta dawo da amsa. Ɗan Damagaram, masu karanta wannan takarda a Kano suke, shi ya sa.

Ɗan Damagaram:
Na ji, amma idan takardar ta tsallako iyaka sai an sake fassara ta.

Baba Tsohon Edita:
Wato an mai da madugu ɗan rakiyar baƙuwa ke nan. To, aikinka ne, kuma Alhamis ba ta jira. Ni dai a nawa rubutun madugu zan ci gaba da sawa.

Mai Fassara:
Allah ya huci zuciyar Baba. Saura guda a shafi na biyar, inda aka ce a canza kalmar sirrin da rautar ta zo da ita, a kuma kunna firewall, wato abin da yake tare saƙonnin da ba a amince da su ba daga shiga haɗakar. "Katangar tsaro" na sa, domin "bangon wuta" ba ta nuna kariya. Mai ja ya yi magana kafin daren Laraba.