Gyaran tasha da kasuwar Kejetia a Kumasi, Ghana: a kwashe mutane gaba ɗaya, ko a yi shi yanki-yanki?

Malam na Asawase: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina kan bakana, kuskure ne da aka kwashe motocin Kejetia da masu sana'a a cikinta gaba ɗaya a 2015 kafin a soma gini. Da an raba filin tashar gida uku, a kewaye ɗaya da kwano, a bar hanyar ƙafa mai faɗin mita 3, a gama, a mayar da mutane, sannan a matsa gaba. Cunkoson unguwannin Adum da Alabar na yau daga can ya samo tushe.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Ai aikin dama kashi-kashi ne, tasha ta farko, babbar kasuwa ta biyu. A cikin tashar kanta kuwa, rabawa ba za ta yiwu ba. Ba a ɗaga ƙarfe mai nauyin tan-tan a sama alhali mutane na kai-komo a ƙarƙashi. Kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, ana jiƙa shi aƙalla kwana 7 na farko. A ɗora masa mota da wuri, ya tsage daga ciki. Babban dalili shi ne ruwa. Wurin kwari ne, rafin Subin ya ratsa yankin, kuma magudana daga ƙasa ake gina ta zuwa sama, a layi guda. In aka yanke ta gida uku, ruwan damina ɗaya zai taru a gaɓar da ba a haɗa ba, ya shiga ramin tushe.

Baban tasha: Injiniya, an ji ta fannin gini. Amma ku lissafa lodi. Tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, ba ta tashi da agogo, sai ta cika. A ce mai cin mutum 15 tana cika cikin minti 20: gurbi ɗaya mota 3 ke nan a awa, mutum 45. Ka kai tashar wucin gadi Racecourse, nesa da inda fasinja ke sayayya, minti 20 ya koma awa guda. Direban da zai kai wa mai mota kuɗin yini ba zai zauna ba. Zai fito bakin titi, fasinja ya saba da shi a nan, kuma ko an buɗe sabuwar tasha ba duka za su koma ba. Mota biyar a jere a gefen titi sun cinye hannu ɗaya ke nan.

Malam na Asawase: Madalla, Baba. Abin da nake faɗa ke nan.

Baban tasha: A'a Malam, ban bi ka duka ba. Kwashewa ba laifi ba ce. Laifin shi ne a kwashe kafin a shirya inda za a sauka: ƙasa a dabe ta, ƙofar shiga daban da ta fita, fitila, bayan gida, famfo. Wurin lodi kuma kada a zuba masa kwalta, don gas da baƙin mai da ke ɗiga suna narka ta. Kankare ake yi, ko bulon shimfiɗa mai kaurin milimita 80.

Hajiya ta Aboabo: Ku duka kun tsaya kan mota. Shaguna sama da 8,000 aka yi a kashin farko, amma ciniki ƙafar mai wucewa yake bi. Mai tumatir da mai albasa ba za su rayu a bene ba, mai saye ba ya hawa matakala don kayan sidi goma, 'yan kayayo masu dako kuma su ke shan wahalar hawa da kwano a ka. Shi ya sa ake saukowa a baza tebur a titi. Ga wuta: mita guda ga kasuwa duka, ana raba kuɗin, mai ƙwan fitila ɗaya na ganin yana biya wa mai firiza. Bashi ya taru har hukumar lantarki ECG ta yanke wutar a 2022.

Mai aikin waya: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Wayar soket mai milimita 2.5 abin da take ɗauka lafiya kamar amfiya 20 ne, a wuta 230 kusan wat 4,600. Dutsen guga biyu da abin dafa ruwa sun kai nan. In bireka, mai katse wuta in lodi ya yi yawa, ta yawaita faɗuwa, wasu sai su sa babba, waya ta yi zafi, robar ta narke. Gobarar da ta tashi a kasuwar a Maris 2023 ta isa ta sa a riƙa gwada famfon kashe wuta duk mako, a tabbatar tanki cike yake, injin kuma na tashi ko babu wuta.

Injiniya: Abin da ya fi damuna kashi na biyu ne. An aza tushensa a 2019 kan Yuro miliyan 248 na rance, aiki ya tsaya bayan Ghana ta dakatar da biyan basussukan waje a Disamba 2022. Rodin da aka bari a fili yana tsatsa damina bayan damina. Kafin a ɗora, sai an kankare shi, a auna kaurin da ya rage, a huda kankaren a gwada ƙarfinsa, a sake duba kowane noti.

Malam na Asawase: To ka gani, Injiniya. Da ba a rushe rumfa ba sai kuɗin yankinta na hannu, da tsayawar ta sami mutane a wurarensu.

Injiniya: A kan kuɗi na yarda, Malam. A kan raba magudana ban yarda ba. Abin da zan karɓa shi ne a rubuta cikin kwangila cewa ba a taɓa rumfa ko gurbin lodi sai ƙungiyar direbobi da shugabannin 'yan kasuwa sun je sun duba wurin wucin gadi, sun sa hannu.

Hajiya ta Aboabo: A ƙara da rajistar suna da lambar rumfa kafin rushewa, kowa ya riƙe takardarsa, da mitar wuta ɗaya ga kowane shago.