Ta yaya manhajar ƙera wasannin yara za ta shiga Debian?

Malamin firamare, Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Ɗan yayana da ke jami'a a Ngaundere ya rubuta wata 'yar manhaja da harshen Python a kan Pygame, wato kayan haɗa wasanni na Python, yara suna ƙera wasanninsu da ita, umarnin kuma da Hausa: tafi, juya, tsallake. Kwamfutocin makarantarmu goma sha ɗaya ne, duka tsofaffi, Debian ke kansu, wato wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Kullum sai ya zo da kansa ya saka ta ɗaya bayan ɗaya. Yana so ya mayar da ita kunshin .deb, irin fayil ɗin da ake girka manhaja da shi a Debian, har ma ta shiga Debian ɗin kanta. Ta ina zai fara?

Mai gyaran kwamfuta, Marwa: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, kafin yaro ya sha wahala, kun gwada Scratch, manhajar da yara ke ƙera wasanni da ita? Yana cikin Debian tuni.

Malamin firamare, Garwa: Mun gwada. Tsoho ne ƙwarai, bai yi kama da wanda yara ke gani a wayar iyayensu ba.

Injiniya, Njamena: Haka ne Malam, wanda ke Debian shi ne 1.4, na 2009, wanda aka gina kan Squeak. Scratch 3 da ya fito a Janairun 2019 da JavaScript aka rubuta shi, kuma yana jan ɗaruruwan ƙananan manhajoji daga npm, rumbun manhajojin JavaScript. Ƙa'idar Debian ita ce ba a taɓa intanet yayin gina kunshi, duk abin da manhaja ta dogara da shi sai ya riga ya shiga rumbun manhajojin Debian a matsayin kunshi mai zaman kansa. Ga kuma Electron da yake bukata don ya zama manhajar kan kwamfuta, shi ma babu shi a rumbun. Yaronku ya yi sa'a da ya zaɓi Python, don python3-pygame yana nan, kayansa ba nauyi.

Amma a raba abu biyu. Haɗa .deb domin kwamfutocinku aikin ƙarshen mako ne. Shigar da shi Debian aikin watanni ne, kuma ba ya ƙarewa, don duk ƙorafin da aka kawo kan kunshin, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Ɗan yayan Malam, Ngaundere: Na shigo, Baba ya turo ni. Yaya Injiniya, na riga na gwada dh_make, mai shirya fayilolin fara kunshi, ya fitar mini da fayiloli barkatai a cikin debian/, na rasa na kamawa.

Injiniya, Njamena: Ƙanena, share duk masu ƙarewa da .ex. Huɗu za ka fi zama a kansu: control, rules, changelog da copyright. A rules ka bar dh da pybuild su yi aikin, layi kaɗan ne. A control ka rubuta Architecture: all tunda Python zalla ne, kunshi ɗaya zai hau kowace na'ura. Ka gina da sbuild ko pbuilder, masu gina kunshi a keɓaɓɓen wuri mai tsabta, don kwamfutarka cike take da abubuwan da ka manta ka saka, su ne ke ɓoye maka abin da ya ɓace. Daga nan lintian, mai duba kurakuran kunshi, kuma ka karanta kowane gargaɗinsa.

Malama mai koyar da kwamfuta, Kuseri: Ɗana, kowa zai yi maka maganar control da rules. Ni copyright zan ja maka kunne a kai, don a nan na faɗi. Na taɓa haɗa wani ƙaramin wasan lissafi, wani mai duba kunshi ya tambaye ni inda na samo hoton akuyar da ke ciki da ƙarar tafin da ake ji idan yaro ya ci. Daga intanet na kwaso, ban san mai su ba. Nan maganar ta mutu, wata uku na aiki. Ƙa'idojin Debian na manhaja mai 'yanci, waɗanda aka rubuta tun 1997, ba su tsaya kan lambar manhaja ba, har hoto da sauti da salon rubutu sai an san mai su da lasisinsu. Tambaye ka: raƙumin da keken da yara ke motsawa a manhajarka, wa ya zana su?

Ɗan yayan Malam, Ngaundere: Raƙumin ni ne. Keken da sautuka... Anti, kin kama ni.

Malama mai koyar da kwamfuta, Kuseri: To ka sake su da hannunka, Inkscape da Audacity suna cikin Debian. Ka ɗauki ƙarar kalangu da wayarka, ta fi wadda ka aro daɗi a kunnen yaranmu. Ka sa musu lasisin CC0 ko CC BY-SA 4.0, ka ajiye asalin SVG ɗin a cikin tushen manhajar. Kada kuma ka cusa salon rubutu a kunshin, ka dogara da fonts-dejavu-core, yana da ƙ da ɗ da ɓ. Wani abu: makarantunmu da Faransanci ake karatu. Ka fitar da kalmomin ta gettext, tsarin fassara manhaja, Hausa da Faransanci, in ya so mai Fulfulde ya zo ya ƙara nasa fayil ɗin .po ba tare da ya taɓa lambarka ba.

Mai gyaran kwamfuta, Marwa: Ni dai abin da ke kan teburina nake gani. Yawancin kwamfutocin da ake kawo wa makarantu kwance ne daga Turai, wasu 32-bit. Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta da mai girkawa na i386, wato na irin waɗannan 32-bit ɗin. Malam, ku duba naku, in irin su ne ku zauna kan 12, yaro kuma ya gwada kunshin a can. Sannan data tsada, wuta ba tabbas. Ku tara .deb ɗin da duk abin da yake bukata a ma'ajin USB ɗaya, dpkg-scanpackages zai mayar da shi ƙaramin rumbu. In kwamfutocin suna haɗe da waya, apt-cacher-ng a kan guda ɗaya, a sauke sau ɗaya kowa ya sha.

Injiniya, Njamena: In ya gama wannan kuma har yanzu yana da ƙarfin gwiwa: ya buga reportbug wnpp, ya buɗe ITP, wato sanarwar niyyar haɗa kunshin, don kada wani ya maimaita aikin. Ya ɗora tushen a Salsa, ma'ajiyar lambar manhaja ta Debian, kunshin a mentors.debian.net, ya nemi mai ɗaukar nauyi, don shi ba shi da izinin ɗorawa. Bayan nan layin NEW da sababbin kunshi ke jira, inda za a sake tsefe copyright ɗin. Ya gaisa da mutanen Debian Edu tun da wuri, harkarsu ce makarantu tun Skolelinux a Norway a 2001. Ko an karɓa, a unstable, reshen da sababbin kunshi ke fara shiga, zai fara sauka, Debian kuwa kusan duk shekara biyu take fitar da sabuwa.

Malamin firamare, Garwa: Shekara biyu! 'Yan ajin ƙarshe sun tafi kenan. Za mu fara da na USB ɗin. Mai gyara, ta yaya zan san ko 32-bit ne?

Mai gyaran kwamfuta, Marwa: Buga lscpu, Malam, ka duba layin op-mode. In ka ga 64-bit a ciki, lafiya lau. Turo mini hoton guda ɗaya.