Me ya kai tsohuwa 'yar shekara 66 hanyar Oregon da keken shanu?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Bara muka dawo jihar Oregon a Amurka saboda aikin maigida. Jiya 'yata ta zo da aikin gida, wai ta rubuta shafi biyu kan wata mata mai suna Tabitha Brown, wadda suke kira Uwar Oregon. Na karanta takardar na ga an ce tana da shekara 66 ta hau keken shanu ta ratso ƙasar nan. Tun daren jiya abin yake raina, domin shekarun mahaifiyata ke nan, ita kuwa ko gidan biki sai an kai ta a mota saboda ciwon gwiwa. Me ya raba tsohuwa da ɗakinta? Yunwa ce ko yaƙi? Don Allah wanda ya san labarin ya taimaka, ba na son yarinyar ta kwafo daga intanet kawai.

Anti ta Hillsboro:

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da zuwa. Ba yunwa ba ce, ba kuma yaƙi ba. 'Ya'yanta ne suka tashi, ita kuma ta ƙi a bar ta a baya.

Kuma ba wannan ne ƙaurarta na farko ba. An haife ta a 1780 a garin Brimfield na jihar Masacusets, can bakin gabas. Ta auri wani limamin coci, Clark Brown, ta bi shi har jihar Merilan, inda ya rasu a 1817 ya bar ta da yara uku, Orus da Manthano da Pherne. Da koyarwa ta riƙe su. A 1824 ta sake ɗaura kaya zuwa Mizuri, wadda a lokacin ita ce kusan ƙarshen matsugunan Turawa ta yamma, ta ci gaba da koyar da yara a can sama da shekara ashirin.

To a 1843 babban ɗanta Orus ya tafi Oregon, ya ga ƙasa mai albarka, ya dawo ɗibar iyalinsa. 'Yarta Pherne da mijinta Virgil Pringle su ma suka ce za su bi. Manthano kaɗai ya zauna. Ita da ke ɗingishi, ta haɗa nata keken, ta ɗauki ɗan'uwan marigayi mijinta, Kyaftin John Brown, tsohon matuƙin jirgin ruwa ɗan shekara 77. Suka tashi a Afrilun 1846, tafiyar kusan mil dubu biyu.

Inda aka samu matsala shi ne bayan sun wuce Fort Hall, wani zango a kan hanyar. Aka zo aka ce musu akwai sabuwar hanya ta kudu mai sauƙi, wadda yanzu ake kira hanyar Applegate. Orus ya bi tsohuwar hanya ya isa lafiya. Ita da su Pringle suka bi sabuwar, sai ga su cikin hamadar Nebada, shanu na faɗuwa. Kafin su kai kwazazzabon Umpqua ruwan sanyi ya sauka. Nan ta rasa kekenta da kusan duk abin da ta mallaka, sai dokin da take kai.

Akwai dare ɗaya da kullum nake tunawa. Abinci ya ƙare, sai Pherne ta roƙe ta da ta yi gaba da Kyaftin ko sa cimma wani ayari. Suka tafi su biyu a kan dawaki. A hanya tsohon ya rikice har ya faɗo daga doki. Duhu ya yi, ta sauke sirdi, ta rataya rufin keken da ta tsira da shi a reshen bishiya ya zama tanti, ta lulluɓe shi da barguna, ita kuma ta zauna a bayansa har gari ya waye, ba wuta ba abinci, tana zaton kafin asuba zai cika. Ranar da na fara karanta wannan sai da na ajiye takardar na yi shiru.

Daga baya Orus ya ji labari ya taryo su da dawaki ɗauke da abinci. Ranar Kirsimeti ta 1846 ta shiga wani gida a Salem, gida na farko da ta taka cikin wata tara.

Sai ki gaya wa 'yarki labarin safar hannu, yara na son sa. A cikin yatsan safar hannunta ta ji wani abu, tana zaton maɓalli ne, ashe ɗan kwabo ne na senti shida da kwata. Shi ne duk jarinta. Ta sayi allura uku, ta ba matan 'yan asalin ƙasar tsofaffin tufafinta suka ba ta jemammiyar fatar barewa, ta riƙa ɗinka safar hannu tana sayarwa har ta tara dala 30.

Hanyar ta bar marayu da yawa. A 1848 ita da wani limami Harvey Clark suka buɗe musu makarantar kwana a cocin da aka gina da gungumen itace, a inda yanzu ake kira Forest Grove. Da maza suka kwasa zuwa neman zinariya a Kalifoniya, yaran da aka bar mata suka ƙaru. A wata wasiƙa da ta rubuta a 1854 ta ce a 1851 mutum arba'in take ciyarwa, kuma da hannunta ta kwaɓa fulawa mai nauyin sama da laba 3,400 cikin ƙasa da wata biyar. Ki lissafa, ya haura buhu talatin na kilo hamsin, ga ta ta wuce saba'in. Makarantar ce ta zama Tualatin Academy a 1849, sannan Jami'ar Pacific a 1854. Ta rasu a Salem a 1858, majalisar jiha kuma ta ba ta laƙabin Uwar Oregon a 1987.

Malam Ɗan Zango:

Hajiya kin yi bayani, Allah Ya saka. Sai dai ina roƙon Maman Biyu ta sa yarinya ta ƙara layi biyu kan waɗancan mata masu fatar barewa. Kwarin Willamette, inda su Tabitha suka sauka, ƙasar mutanen Kalapuya ce, sunan Tualatin ɗin ma na wani reshensu ne. Zazzaɓin cizon sauro ya ci mafi yawansu tun daga 1830. Dokar rabon fili ta 1850 ta ba baƙon da ke da aure eka 640, rabi da sunan matarsa. A 1856 aka kwashe ragowar Kalapuya zuwa keɓaɓɓen yankin Grand Ronde, ita Tabitha tana raye. Ban rage mata komai ba, riƙon maraya babban abu ne. Amma jikokinsu suna nan har yau, wataƙila ma akwai ɗaya a ajin 'yarki.

Maman Biyu:

Na gode Anti, na gode Malam, za mu saka. Ni wurin Manthano na tsaya. Uwa ta bi biyu ta bar ɗaya a Mizuri, ba waya, wasiƙa sai ta yi watanni a hanya. Na kira Hajiyarmu da asuba na ba ta labarin, ta ce ita ma da za a ba ta biza da ta biyo jikokinta ko da rarrafe ne. Na kasa ba ta amsa.

Anti ta Hillsboro:

Allah Ya sada ku da alheri, ƙanwata. Idan kuna da sarari ranar Asabar ku biyo ta gidana mu je Forest Grove, ba nisa daga nan. Tsohon ginin makarantar na katako da aka yi a 1850 yana nan tsaye a harabar jami'ar, yarinya ta gan shi da idonta kafin ta rubuta. Ku sa mata rigar ruwa, kin san sama a nan.