Wace kalma za mu ba bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa, tun da ba kwata ba ne?

Mai fassara, daga unguwar Nima a Akra: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. An kawo mini takardar wayar da kai in mayar da ita Hausa domin a karanta a masallatai, kan batun faɗaɗa wurin gyaran ƙazamin ruwa a Akra da ƙara shimfiɗa bututunsa zuwa unguwanni. Kalmomi biyu sun tsayar da ni, wato abin da Turawa ke kira "sewer" da kuma "treatment plant". Da farko na rubuta "kwata", amma da na karanta wa mahaifiyata sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Wato irin gotar nan tamu za su ƙaro mana?" Nan take na gane na yi kuskure. Babbar gotar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi a buɗe take, don ruwan sama aka gina ta, kuma abin da ta kwaso, har da ledoji da robobi, a kogin Odaw take juye shi, daga nan ya shiga tafkin Korle ya faɗa teku. Shi kuwa abin da ake magana bututu ne rufaffe, binne a ƙasa, wanda ke ɗaukar ruwan masai da na wanka da na wanke-wanke daga cikin gida zuwa inda za a gyara shi. Idan muka ba su suna ɗaya, wani zai ɗauka an halatta masa ya haɗa masansa da gota. Ina neman shawara.

Dattijo, Sabon Zango: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka tambaya. Kwata da kwatami da rariya duk na ruwan wanka ne da na sama, lambatu kuwa da muke ji a bakin 'yan'uwanmu na Kano babbar kwata ce kawai. Masai da salga da shadda rami ne da ke tsaye wuri ɗaya, ba ya kai komai ko'ina. Ni dai ina ganin "magudanar ƙazanta" za ta yi.

Hajiya, ma'aikaciyar jinya, Mamobi: Baba, a gafarce ni, ƙazanta ta yi faɗi da yawa. Ɓawon ayaba ƙazanta ne, tsumma ƙazanta ne, ƙunzugun jarirai ma haka, kuma waɗannan su ne ke toshe bututu. Duk wanda ya ji "magudanar ƙazanta" zai ga ai nan ne wurin zuba shara. Ina bakin aiki a shekarar 2014 lokacin da kwalara ta kwantar da dubban mutane a Akra, na ga majinyata kwance a kan benci, ledar ƙarin ruwa rataye a jikin taga saboda gadaje sun ƙare. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, mutane fiye da 150 suka rasu. Na farko bahaya ne ya gauraya da ruwan sha da abinci, na biyu kuwa magudanan ruwan sama ne suka cika suka tumbatsa, shara ta ƙara toshe su. Matsala biyu ce, don haka a ba mu suna biyu da ba za su rikice ba.

Malamin makarantar allo, Nima: Hajiya ta yi gaskiya. Kalmar da ake nema tana bakin kowane yaro da ya fara karatun tsarki, ita ce najasa. Ba wanda zai kira ɓawon ayaba najasa, ba kuma wanda zai ji kalmar ya yi sakaci da ita. Za a iya cewa ruwan wanke-wanke ba najasa ba ne, haka ne, amma da zarar ya shiga bututu ɗaya da na masai har launinsa da warinsa suka sauya, hukuncinsu ya zama ɗaya. Ina goyon bayan "magudanar najasa". Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a ce wa wurin gyaran "wurin tsarkake ruwa", domin tsarki a kunnen Musulmi yana nufin ruwan da za a yi alwala da shi, alhali ba shi ake fitarwa a can ba.

Direban motar yashe masai, Ashaiman: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni da nake zuwa wurin kullum zan faɗi abin da idona ke gani. A da, a Lavender Hill da ke bakin teku a Akra muke juya mota baya mu buɗe bututu, komai ya tafi teku kai tsaye, har aka buɗe wurin gyara a can a ƙarshen 2016. Wannan na abin da motoci ke kawowa ne, shi kuwa na Mudor da ke kusa da Jamestown na ruwan da bututu ke kawowa ne daga tsakiyar gari. Aikin dai tacewa ne daki-daki. Ƙarafa masu kama da rariya su tare tsumma da leda, yashi ya kwanta, sannan a bar ruwan cikin manyan tankuna inda ƙwayoyin halitta ke cinye dauɗar, lakar ta zauna a ƙasa a kwashe ta a shanya, wata ma a yi taki da ita, ruwan da ya rage a sake shi. Saboda haka ni "matata" nake cewa. Garin Tema yana da bututun nan tun zamanin Nkrumah, amma mafi yawan gidajen Akra, balle namu na zango, har yau rami ne ko masan haya, shi ya sa motata ba ta hutawa.

Mai fassara, Nima: Na gode, yayana. To, in rubuta "matatar najasa" ke nan?

Dattijo, Sabon Zango: A'a, ɗana, ka lura da yadda Hausa ke tafiya. Matatar mai, mai take ba mu, matatar ruwa kuma ruwan sha take ba mu. Idan ka ce matatar najasa, kamar ka ce najasar ake tacewa a ba mutane. Ka sa ruwa a tsakiya, ka ce "matatar ruwan najasa", domin ruwan ake rabawa da najasar. Na janye tawa ta farko, ta Malam ta fi ta.

Mai fassara, Nima: Na karɓa, Baba. Ga yadda jimlar farko ta koma: "Za a faɗaɗa matatar ruwan najasa, a kuma ƙara shimfiɗa magudanar najasa zuwa unguwanni, wannan magudana ba gota ba ce, ba a zuba mata shara ko ruwan sama." Na sake karanta wa mahaifiyata, wannan karon tambayar da ta yi ita ce yaushe bututun zai iso layinmu, kuma nawa za a biya kafin a haɗa gida da shi. Zan mayar wa waɗanda suka ba ni takardar wannan tambaya, domin babu amsarta a ciki.